Mata masu aiki, ya kuke yi da girki har ku samu lokacin kanku?

Maman Hadiza (Talaje, Yamai)

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, har da mazan da ke leƙowa suna karantawa ba sa cewa komi. Don Allah shawara nake nema. Ina aiki a wani buro can Plato, gidana Talaje, yara huɗu, babbar tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, autan bai kai shekara biyu ba. Kiran asuba ke tada ni, in ɗora ruwan zafi, in dama kunu, in ɗora shinkafa da wake ko taliya wadda yara za su iske in sun taso lakwal da rana, in yi ma ƙananan wanka, in nemo takalmin wannan da kayen wancan, kafin in fito bakin titi neman taksi wallahi na riga na gaji tun ban fara aikin da ake biyana ba. Desant, wato tashi daga aiki, biyar da rabi ne daga litinin zuwa alhamis, amma duk wanda ya san cunkoson yamma ya san sai dab da magariba nake shiga gida, jaka kawai nake ajewa in wuce ɗakin girki da kayan sarbis a jikina.

Maigida mutumin kirki ne, bai rage mu da komi ba, amma tuwo yake so kowane dare kuma da miya sabuwa, in miya ta kwana sai ya ce shi yana jin warin firigo a ciki. Yarinyar da ke taya ni ta koma garinsu da damina ta sauka, ba ta dawo ba, daga baya na ji an yi mata aure. Kafin a ci, a wanke kwanoni, a duba debuwar ɗin yara, goma ta wuce.

Rabona da islamiyya har na manta, haddata tana nan inda na bar ta tun cikin autan. Kitso sai ya tsufa ya fara warwarewa da kansa. Innata tana Bukoki, gari ɗaya muke, amma a waya muke gaisawa. Ba girkin nake ƙi ba, ina son yarana su ci abincin hannuna, amma ni ma ina son ko awa biyu da ba wanda zai kira sunana. Ku da kuke aiki kuma kuke da yara, ya kuke yi?

Tanti Zali (Yantala)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ungozoma ce, gardin dare nake yi, kuma yara biyar na raina a haka, to bari in gaya miki abin da ya riƙe ni. Tuƙin tuwo ba shi ke cin lokaci ba, in ruwa ya tafasa minti nawa ne? Abin da ke cinye yammarki gyaran kayan miya ne, yankan albasa, jajjage, jiran nama ya yi laushi, da aiken yaro butik saboda sai an ɗora tukunya ake tunawa ba gishiri. Waɗannan za ki kwashe daga ranakun aiki ki tara su rana ɗaya.

Ni asabar da sassafe kafin rana ta buɗe nake shiga Katako, in sayo tumatir, tattasai, tugande da albasa na sati guda, a wanke a kai injin markaɗe. In an dawo in juye a babbar tukunya in bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, sannan in soya da mai sosai har man ya taso sama. In ya huce in raba a ƙananan robobi masu murfi, kowace roba girki ɗaya, don kar a riƙa narkarwa ana maidawa, wannan shi ke ɓata abinci. Nama ma haka, in tafasa shi duka da albasa da tafarnuwa da citta, in raba tare da romonsa. Duka su shiga konjelatar, wato firigo mai daskarar da abinci. Ranar aiki in kin dawo, roba ɗaya ta miya, ɗaya ta nama, ruwa, daddawa, ya tafasa ki kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa, gobe ki sa tigadige, jibi ki zuba yakuwa, kafin tuwo ya turara miya ta haɗu. To ki gaya min wannan miyar sabuwa ce ko kwananniya? Kukar ai yanzu aka kaɗa ta. Abin da maigidanki ke ji ba ƙarya yake ba, miyar kuka in ta kwana tsinkewa take, kuma duk abin da aka sa a firigo ba murfi sai ya kwashi warin maƙwabcinsa. Soyayyen tumatir da aka rufe da kyau ba ya haka.

Na san za ki ce kuran. Gaskiya ne, ba mu manta da 2023 ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a watan Agusta, gidaje da yawa sun zubar da nama. Abin da ya kamata ki sani, konjelatar in tana cike kuma ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi wajen kwana 2, in rabi ce wajen kwana 1, firigo kuwa awa 4 ne kawai. Don haka duk wurin da ya rage ki cika shi da robobin ruwa su daskare, kuma in an ɗauke ki kafa ma yara doka kar mai buɗewa neman ruwan sanyi. Sannan a matsayina na ma'aikaciyar lafiya sai na faɗa, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40, dafaffen abinci kar ya wuce awa 1 a ajiye a waje, balle shinkafa. Wadda kike bar ma yara da safe ki zuba ta da zafinta a kula mai riƙe zafi ki rufe, kar ki bar ta cikin tukunya a kan murhu. Ɗumame kuma sai ya tafasa har ciki, ba ɗumi-ɗumi ba.

Gaz, ki yi ƙoƙari ki mallaki butali biyu. Tun da matatar man fetur ta SORAZ da ke Zinder ta fara aiki a 2011 gaz ya yi sauƙi, farashin hukuma na mai kilo 6 shi ne 1800 F, mai kilo 12,5 kuma 3750 F, amma kin san in ya yi wuya a gari sai an sha yawo kuma wasu su ƙara kuɗi. Ba abin da ke ɓata dare irin gaz ya ƙare ruwan tuwo na kan wuta. In kina da hali ki sayi kokot, tukunyar nan mai kulle tururi a ciki, wake da kika jiƙa tun dare ba ya ɗaukar komi a ciki, ko kanwa ba sai kin sa ba.

Ƴar Adar (Tawa)

Salamu alaikum. Ni ina Tawa, lakwal nika koyarwa, maigida na Abijan shekara da shekaru, sai azumi ko babbar salla shi ka zakkuwa, kun dai san mazan Adar da tahiya. Ni ad da cefane, ni ad da dahuwa, ni ad da kai ɗiya likita, don haka Maman Hadiza na san abin da kika ji ƙwarai.

Tanti Zali maganarki gaskiya ta, amma ba kowa ad da konjelatar ba, kuma ko akwai ta ba ni yarda in sa abincin sati guda hannun kuran. Mu nan rana ka yi muna aikin firigo. Lokacin da kayan lambu sunka yi araha, daga sanyi zuwa shigowar zahi, nika sayen tumatir da yawa in yayyanka in shanya bisa tabarma shi zan kauɗa, kuɓewa haka, zogale da yakuwa haka, ganyen albasa a daka a dunƙula a shanya shi zan gabu. Albasa kau Galmi na nan kusa, in kin ɗauko ta lokacinta kin baza wuri mai iska tana daɗewa. Sai in samu rana guda in daka kauɗa da gabu da daudawa da tonka da citta wuri guda in zuba cikin gwangwani mai murhi, in ɓare busasshen kihin Tabalak in aje gehe. Da marece cokali biyu ukku cikin ruwa da ɗan mai, miya ta tashi, ba yanka ba jajjage. Gero kuma ran lahadi da kasuwar Tawa ka ci nika auno tiyoyin da za su kai mu sati, a surhe a wanke a kai inji, gari na nan aje.

Kuma wa ya ce dole sai an kunna wuta sau ukku? Mu da rana hura da nono muka sha, akwai mai yi muna ta amana, ɗiya su dama su sha su ƙoshi, in an samu cuku a haɗa. Iyayenmu haka sunka tashi kuma sun hi mu ƙarhi. Ku mutanen Yamai kun maida hura abincin marar lahiya.

Amma abin da ya ba ni huta na gaske shi na wanga. Ni da maƙwabciyata, ita ma malama ta, munka shirya tuwon dare bi da bi, yau ni in tuƙa na gida biyu, gobe ita. Tukunya guda ta, wahala guda ta, ruwan kawai aka ƙarawa. Abin da mata masu kishiya ka samu na kwanan girki, mu mun same shi ba kishiya. Sharaɗi dai kowa ta auna garinta daidai ta aiko, nama ko kihi kuma kowa ta sa nata a gidanta, don nan ne ƙananan magana ka hitowa. Daren da ba nawa ba nika gyaran kayen ɗalibai da wuri in kwanta, ko in tahi makarantar dare.

Sai ɗiya maza, don Allah ku sa su aiki. Nawa mai shekara goma sha biyu shi ka wankin kwanoni kuma ya iya dahuwar shinkafa. Kakarshi ta yi hwaɗa tac ce zan maida shi mace, nic ce Inna ubanshi can Abijan wa ka dafa mishi? Su da abokan ɗakinsu da kansu suka dahuwa bi da bi, sai sun sauka tasha Tawa hannun ka mantawa.

Abban Sadik (Lazare)

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma tunda an ce muna leƙe bari in yi magana. Ƴar Adar kin ba ni dariya da zancen tasha, kuma ba ƙarya kika yi ba, duk wanda ya yi zaman ɗalibta ko ya yi aiki a wani gari ya iya ɗora tukunya. Abin da ke hana da yawanmu ba rashin iyawa ba ne, tsoron bakin abokai ne a fada, kar a ce mijin Hajiya. Alhali a Bukhari an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Malamai na faɗin wannan a wa'azi muna gyaɗa kai, daga nan mu wuce fada mu zauna kan shayi daga isha'i har sha biyu. Mu kullum muna da lokacin kanmu, ba ma kiransa da sunan ne kawai.

Ni madam tana koyarwa, abin da ke wuyana karin safe, in dawo masallaci in biyo da burodi, in dafa shayi da ƙwai, in kwashi yara a moto in kai lakwal. Canjin gaz, kai niƙa da sayen nama ma nawa ne. Ran juma'a da dare ba a girki a gidana, in aljihu da nauyi gasasshen nama ko kaza, in ƙarshen wata ne dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, na dala ɗari-ɗari ya ishe mu.

Shawarata ƴar uwa, kar ki ce masa ka riƙa taimaka min, namiji bai san inda zai kama wannan maganar ba, zai ce to kuma shi ke nan. Ki ce masa abu kaza nake so ka ɗauke min, rana kaza. Kuma kar ki tada zancen yana jin yunwa ko gaban danginsa.

Nana mai ɗinki (Harobanda)

Duk kun yi magana mai kyau amma ni akwai inda nake so in taɓa. Kowa na koya mata yadda za ta rage awa ɗaya a ɗakin girki, ba wanda ya ce mata ina awar za ta tafi. Ni na gani a kaina da ƙawayena, ka rage girki sai wanki ya shigo wurin, ko guga, ko yaro ya zo da kaye, ko ki zauna ki ce bari in huta minti biyar ki buɗe WhatsApp, gurup ɗin dangi, na ƴan lakwal ɗinku, na adashi, kowa ya turo bokal na minti bakwai, kafin ki ɗago sha ɗaya ta yi kuma ba ki huta ba. Muddin kina cikin gidan, lokacin ba naki ba ne, ko ɗaki kika kulle sai an ƙwanƙwasa an ce Mama wane ya doke ni.

Ni lahadi daga la'asar zuwa magariba ba na gida, kowa ya sani har uwar mijina. Islamiyya nake zuwa kuma da gangan na zaɓi wadda ake biya duk wata, don in na tuna kuɗina ba na fashi. Ran da ba karatu in tafi kitso, ko in haye gadar Kennedy in je wurin yayata in kwanta a ɗakinta in yi barci, barci kawai, ba hira. Da farko an yi ta magana, wai ina zuwa ina na bar yara da ubansu, yanzu sun saba har su ke tuna min lokaci ya yi. Kuma kai yara Gidan Tarihi na Boubou Hama su ga namun daji abu ne mai kyau amma kar ki lissafa shi cikin hutunki, wannan aiki ne da kwalliya.

Tanti Zali ki yi min afuwa, tsarinki na da kyau amma ya cinye asabar, ta zama mai aikin kwana shida. Tunda ma'aikata ƙarfe ɗaya ake tashi ran juma'a, ta biya kasuwa daga sarbis ta yi markaɗenta da yamma, dare kuma Malam ya sayo na waje yadda Abban Sadik ya ce, asabar ta wayi gari ba bashin komi.

Sai babban ɓarawon, biki. Yamai ba asabar ɗin da ba aure, ba safiyar da ba suna, ga foyandi, taron mata na adashi, ga anko, ni da ke ɗinka ankon na fi kowa sani. Mace ta yi sati tana aiki, ta wuni gidan biki tana yankan albasar wasu, ta dawo ta ɗora nata tuwon. Ni yanzu gaisuwar mutuwa da dubiyar marar lafiya ba na wasa da su, bikin dangi na kusa ina zuwa, sauran in aika gudummawata in kira waya in yi addu'a. Ana cewa na cika girman kai, na ji, ai ba a fasa kawo min ɗinki ba.

In kuma za ki sake ɗaukar mai aiki, don Allah ki nemi babba ki biya ta da kyau kuma kan lokaci, ko da zuwa za ta riƙa yi da safe ta koma. Yarinyar da ba ta wuce sa'ar Hadizarki ba wurinta lakwal, ba bakin gaz da goyon autanki ba.

Maman Hadiza (Talaje, Yamai)

Kai ƴan uwa Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Tanti na gwada naki amma ran juma'a kamar yadda Nana ta ce, na soya na raba a robobi. Maigida ya ci tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari, bai ce komi ba ni ma ban ce komi ba tukuna, sai ya ƙara sabawa zan gaya masa. Zancen daren juma'a ya yarda ba gardama, har yana cewa da ma ya gaji da tuwo kullum, ka ji fa. Na bi da bi da maƙwabciya ba zai yiwu ba don tawa a kasuwa take wuni, ta fi ni daren dawowa, amma fura da rana yara sun karɓa, babbar ce kawai ke tura baki. Lahadi na je Bukoki ni kaɗai, Inna ta yi ta leƙen bayana tana tambaya ina yaran, lafiya dai ko?

Saura kokot ɗin. Tanti wace iri zan saya ga gidan mutum shida, kuma gaskiya tsoronta nake, na sha jin an ce tana fashewa.

Tanti Zali (Yantala)

Ki nemi mai lita 8 ko 10, mai kaurin gindi, kuma kafin ki biya ki buɗe ki duba robar murfin ba ta tsage ba, ki ɗaga ƴar hular saman ki ga ramin da tururi ke fita a buɗe yake. Masu fashewar yawanci cika ta ake yi har baki ko ramin ya toshe ba a duba ba. Kar ta wuce kashi biyu cikin uku, in wake ne rabi kawai don yana kumfa. In ta fara huci ki rage wuta, in kin sauke ki bar ta tururin ya fita duka kafin ki taɓa murfin, kar ki yi kokawa da shi in ya ƙi buɗuwa. Kuma ki tambayi mai shagon ko yana sayar da robar daban, don ita ke fara lalacewa, in babu ki wuce shago na gaba.